Haƙorin Kare a Bakin Kura

Ga ta nan, ku buɗe kunne.

Ta shigo mu ji ta, Kaka.

Kura haƙoranta bakwai, giɓi ɗaya ya hana ta tauna ƙashi. Kare kuwa haƙori guda ya yi masa yawa, yana sukar dasashinsa.

Kura ta ce, "Ɗana, ba ni shi ka huta."

Ya cire ya miƙa, nata suka cika takwas. Zai tafi, sai haƙorinsa ya jawo shi, ya manne a jikinta.

"Inna, sake ni!"

"Ni ma na kasa, wawa!"

Haka suka bushe a rana, suka zama farin dutse. Shi ne gishirin da nake daka muku.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Ku tashi ku wanke kwanuka.