Dogo da Koren Ruwan Bakin Titi

Akwai wani mai babur da ake ce wa Dogo, aikinsa kai 'yan tsaki daga gidan ƙyanƙyasa zuwa gonakin masu kiwon kaji. Babur ɗinsa babba ne, irin mai lagireto, wanda ake zuba wa ruwan sanyaya inji. Dogo ba shi da lalaci, amma bai yarda da kowa ba. Ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya shafa aljihunsa.

Da zafi ya tsananta, ya kai babur wurin bakanikensa, wani dattijo da ake kira Baba Sifana. Baba ya buɗe murfin lagireto, ya leƙa, ya ce, "Ruwan nan ya mutu. A zubar da shi duka, a wanke, a zuba sabo. Je ka shagon da ke kallon gidan mai, ka ce a ba ka irin wanda littafin babur ɗinka ya ambata."

Dogo ya kalle shi a karkace. "Me ya sa sai wannan shagon, Baba? Ba ƙanin matarka ne mai shi ba?"

"Shi ne. In ba ka so, je wani wurin, amma ka sayi na gaske. Kuma kar ka gauraya shi da tsohon."

Dogo ya ce zai dawo, a ransa kuwa ya riga ya yanke hukunci: an haɗa baki ne a ci shi.

A mararraba ya ga wani mai tebur ya jera robobi na koren ruwa shar, babu tambari a jikinsu. Mutumin ya ce, "Yallaɓai, duk kore kore ne. Bakanikai da masu shago bakinsu ɗaya, su suke tsorata mutane." Abin da Dogo yake so ya ji ke nan. Ya sayi roba ɗaya, ya tuttula a kan tsohon ruwan, ya cika da na famfo.

Bayan kwana goma, da tsakar rana, yana tafe da kwali huɗu na 'yan tsaki, allurar zafi ta haye ja. Tururi ya taso ta gaban tanki, babur ya yi tari biyu ya mutu. Hanya ce fetal, babu inuwa ko ta tsayuwa.

Nan take ya kira Baba. "Me ka kwance mini ranar nan? Don na ƙi shagon surukinka?"

Baba ya ce, "Kar ka taɓa murfin, zai ƙona ka. Me ka ɗauko?"

"'Yan tsaki."

"Gaya mini inda kake."

Ba a jima ba sai ga Baba a kan tsohon babur ɗinsa. Ya miƙa wa Dogo makulli. "Ɗaure kwalayen a nawa ka tafi, kafin su mutu."

Dogo ya tsaya cak. A ransa ya ce, wato Baba so yake a bar shi da babur ya ɓoye ɓarnar da ya yi. Ya yi ta kewaya babur ɗin yana tambayoyi, 'yan tsaki kuwa sun buɗe baki suna haki, kukansu yana raguwa.

Baba ya ce, "Ɗana, ɗauki hoton ko'ina da wayarka. Ko ƙusa ba zan taɓa ba sai ka dawo."

Sai da ya ɗauki hotunan sannan ya tafi. Kafin ya isa gona, goma sha ɗaya sun mutu. Mai gonar ta ƙirga su a gabansa, ta ce daga yau za ta nemi wani.

Da ya dawo bayan awa biyu, ya tarar da dattijon zaune a kan dutse cikin rana, ya rufe kansa da tsumman aiki. Dogo ya gwada hotunan ɗaya bayan ɗaya. Komai yana nan yadda ya bari.

A gabansa Baba ya cire bututun ƙasan lagireto. Wani abu ya zubo mai kauri kamar taɓo, ruwan tsatsa. Ya karɓi ragowar robar koren ruwan da ke akwatin babur ɗin Dogo, ya ɗiga a tafin hannu, ya murza. Babu santsi irin na ruwan inji na gaske, sai fatar ta rine.

"Rini ne da ruwa. Ya tafasa, ya toshe hanyoyin, gasket ɗin da ke hana inji yoyo ma ya ƙone."

Dogo ya sunkuyar da kai. "Baba, ka yafe mini."

"Bincike ba laifi ba ne. Amma ni ka bincike ni har dangin matata, shi kuwa mai tebur ko sunansa ba ka tambaya ba. Kama mu tura babur ɗin."

Darasi: Mai yawan zargi ba ya tsira daga macuci, domin macuci ya san abin da kunnensa yake so ya ji. Ka auna magana da halin mai ita, ba da daɗinta ba. Masu babur kuma, launi ba shi ne ingancin ruwan inji ba: a bi abin da littafi ya ce, kar a gauraya. Ku tura wa 'yan uwa masu hawa cikin wannan zafin.