Sarkin Gaisuwa da Benen Auta

Akwai wani dattijon kafinta da mutanen layinsu suke kira Sarkin Gaisuwa. Ba a banza suka laƙaba masa sunan ba.

Daga gidansa zuwa shagonsa tafiya ce 'yar kaɗan, amma sai ya tsaya a wajen tela, ya tsaya a wajen mai faci, ya dafa bencin mai aski, ya jingina da ƙofar mai gyaran waya. Mutane suna ta yabo, wai bawan Allahn nan akwai zumunci.

Zumuncin yana nan, ban ƙi ba. Amma jama'a, akwai abin da ke ƙasansa.

Tun yana saurayi yake shaƙar ƙurar katako da warin fenti a shagon da tagarsa ɗaya ce. Ga sigari da ya daɗe yana sha kafin ya bari. Kullum da safe sai ya yi ta tari har majina ta fito. In matarsa ta yi magana, sai ya ce, "Tarin kafintoci ne, kowa da shi yake tsufa."

Yana da 'ya, ita ce autarsa, kuma duk gidan an san ita ce ta gaban goshi. Auta ta haihu, amma sai da aka yi mata tiyata. Aka ce ta ji da kanta, kar ta riƙa hawa da saukar bene. Ga shi ita da mijinta a hawan ƙarshe na wani dogon bene suke zaune.

Kowa ya je ya ga jariri, ban da Sarkin Gaisuwa. In ta kira shi a waya sai ya ce, "Aiki ne ya sha min kai, Auta. Ina nan tafe." Tun tana yarda har ta daina tambaya.

A ƙarshen layin akwai wani kemis da wata mata take riƙe da shi. Nan yake zuwa ya ce, "Ba ni irin na kullum," ta miƙo masa kwalbar maganin tari.

Ran nan ta riƙe kwalbar a hannu ta ce, "Baba, an kawo mana wata 'yar na'ura ta gwada ƙarfin huhu. Hurawa kawai za ka yi a ciki. Tarin nan ya daɗe, bari mu duba."

Ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi. "'Yar nan, ni da nake ɗaga ƙyauren ƙofa ni kaɗai tun ba a haife ki ba? Ni za ki ba abin hurawa kamar mai wasa da balan-balan?"

Ta rage murya don kar wasu su ji. "Baba, kar ka ga rashin kunyata. Ta tagar nan nake hango ka kullum. In ka tsaya gaisuwa, su ne suke magana, kai kana dafe da bango kana gyaɗa kai. Sai numfashinka ya dawo kake amsawa."

Nan take ya haɗe rai. "Ashe zaman leƙen mutane kike yi a nan."

Ya karɓi kwalbarsa ya fita. Ba don ta yi ƙarya ba ya ji haushi. Ya ji haushi ne don ta faɗi abin da ko kansa bai taɓa yarda ya gaya wa ba.

Bayan kwana biyu matarsa ta dawo daga gidan Auta fuska ba walwala. Ta ajiye jaka ta ce, "Malam, yau yarinyar nan kuka ta yi min."

"Jikin ne?"

"Ina fa jiki. Cewa ta yi Babanta yana gaida duk mutanen layi, har mai faci yana samun rabonsa, amma ita da ta kwanta aka yanka ta bai tako ya ce mata sannu ba. Ta ce in tambaye ka laifin da ta yi maka."

Ya tashi ya shige ɗaki. Abincin da aka ajiye masa ma bai taɓa ba.

Washegari da hantsi ya saka sabuwar riga ya nufi gidan Auta. Ya kama ƙarfen bene ya fara hawa. Bai yi nisa ba ƙirjinsa ya ɗaure, numfashi yana fita da ƙara, gumi ya jiƙa rigar. Ya zauna a kan matakala yana kallon sauran da suka rage a samansa. Wata mata ta wuce shi da bokitin ruwa a ka, tana tafe tana waya.

Ya lallaɓa ya sauko. Wannan karon bai wuce shago ba, kemis ya nufa.

Mai kemis ba ta tuna masa da maganar ran nan ba. Kujera ta jawo masa, ta bari ya huta, sannan ta tambaye shi tun yaushe tarin yake, ko ya taɓa shan sigari, ko hawa yana ba shi wuya. Ya amsa duka, kansa a ƙasa.

Ta sa wa na'urar sabon baki ta miƙa masa. "Ja numfashi ka cika ƙirji, ka rufe leɓe a kai, ka hura da ƙarfi har sai iskar ta ƙare."

Ya hura. Ta sa ya sake, ya kuma sakewa.

"To, likita, na ci jarrabawar?"

"Ni ba likita ba ce, Baba, kuma na'urar nan ba ta yanke hukunci. Amma ta nuna iska ba ta fita daga huhunka yadda ya kamata. Asibiti za ka je su tabbatar. Kuma yau ba zan ba ka irin na kullum ba, don ba maganin ciwonka ba ne."

Ya je asibiti da matarsa. Likita ya yi nasa gwajin, ya ce hanyoyin iska a huhunsa sun tsuke, kuma abin ya daɗe yana ci a hankali. Ya gaya masa gaskiya cewa abin da ya lalace ba zai koma sabo ba, amma ana iya taka wa ciwon birki. Aka ba shi maganin shaƙa, aka ce ya riƙa sa takunkumi in yana aiki, ya bar wa wasu fesa fenti.

Mai kemis ce ta zaunar da shi ta koya masa yadda ake shaƙar maganin, don a ranar farko duk a harshe yake fesawa.

Da ya ɗan ji dama, ya koma benen. Bai yi gaggawa ba. In ya hau kaɗan sai ya zauna, ya huta, ya tashi ya ci gaba. Da ƙyar ya kai matakalar ƙarshe, ya zube a kai, ko sallama ya kasa yi.

Auta tana ciki ta ji tarin da ta sani tun tana yarinya. Ta buɗe ƙofa da jariri a kafaɗa. Ta daɗe tana tanadin maganganun da za ta gaya masa in ya zo, amma da ta gan shi zaune a ƙasa, hula a hannu, baki buɗe yana neman iska, sai duk suka gudu.

"Baba! Me ya same ka?"

Ya ɗaga mata hannu alamar ta jira. Da numfashin ya dawo, ya ciro maganin shaƙar daga aljihu ya nuna mata.

"Ba fushi ba ne, Auta. Benen ne ya fi ƙarfina. Na zo ran nan, a hanya na koma."

"Shi ne ba ka gaya min ba?"

"Kunya nake ji ki san Babanki ya gaza."

Ta dafa bango ta zauna kusa da shi a hankali saboda ɗinkin cikinta, hawaye yana zuba. Ta ɗora masa jikansa a cinya.

"Baba, ni kuma kullum ina nan kwance ina neman laifin da na yi maka."

Ya rungume yaron, ya kasa ɗago kai ya dube ta.

Darasi: Tarin da ya daɗe da numfashin da ke yankewa ba tsufa ba ne kawai, kuma ɓoye ciwo ba jarumta ba ce. Mai ɓoyewa yana cutar kansa, yana kuma barin masoyansa da mummunan zato. In an ce ka gwada huhunka, ka gwada. In an tura ka asibiti, ka je. Ku tura wa duk wanda kuka san kwalbar maganin tari ba ta rabuwa da aljihunsa.