Kwanon da Aka Ware wa Nomau

An yi wani mutum a wani gari can baya, bawan Allah, tela ne, Nomau ake ce masa. Ku saurara da kyau. Ni da ke ba ku labarin ban taɓa riƙe alƙalami ba, amma na ga yunwa, na ga sanƙarau, na binne sa'o'ina kaf, ga ni zaune da haƙorana.

Nomau mai ƙiba ne ƙwarai, yini yake kan keken ɗinki, sai salla ke ta da shi. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun yi nisa. Abin da ya rage masa a duniya tabarmar ƙofar gida ce, inda magidanta ke fito da tuwo bayan magariba, a sa hannu kwano ɗaya. Shi man shanu yake kawowa.

Kasala ta dame shi, ya je asibiti, aka auna jininsa. Likita ya ce, "Baba, akwai abin da hanta ke saki cikin jini in ta wahala, naka ya hau. Kitse ne ya taru mata saboda ƙiba. Ba ciwon da ake ɗauka ba ne. Ka rage maiƙo da zaƙi, ka riƙa tattaki."

Da ya yi shiru, wa zai sani? Ba wanda zai sani! Amma da abokan cin tuwo suka tambaye shi me ya hana shi taɓa man, sai ya faɗi gaskiya.

Barmo dillali ya janye hannu. "Hanta? Ita ta ɗauke ƙanina! A ware masa kwano."

"Yaya Barmo, likita ya ce wannan ba a ɗauka."

"In mun mutu likitan zai riƙe mana iyali?"

Aka ware kwano. Daga kwano aka ware tabarma. Jama'a, kun san cin tuwo kai kaɗai kana jin dariyar mutane ta katanga? Ni na sani, duk abokan cina suna ƙasa.

Nomau bai yi gaba da kowa ba. Kullum sai ya ajiye man shanunsa a bakin tabarmarsu, ya yi sallama, ya wuce bayan gari yana tattaki shi kaɗai. Kullum, kullum. Damina ta zo ta wuce, rigunansa suka yi masa yawa, ya rage su da kansa. Aka sake awo, abin ya sauka. Ba wanda ya ce masa dawo.

Rannan da hantsi sai ga Barmo a shagon Nomau, shi ma da tumbinsa, ido ya faɗa.

"Nomau, ni ma an auna ni. Irin naka ne. Don Allah ka rufa mini asiri, kada su ware ni."

Nomau ya tsayar da keke. Bai ce "ka gani" ba. Ya jawo kwanonsa na kwaɗon zogale, ya tura tsakiya.

"Wanke hannu, Yaya. Na daɗe ban ci da mutum ba."

Barmo ya sa hannu, hawaye na zuba. Kuma har Nomau ya koma ga Allah, ba a ji maganar a bakinsa ba.

To, kun ji. Haƙuri shi ne a ware ka, ranar da ka sami dama ka ƙi warewa. Ku je a auna ku, ciwon nan ba ya sallama. Kuma yau in kun koma gida, ku duba unguwarku: wane ne yake cin tuwo shi kaɗai? Ku ɗauki kwanonku ku same shi.