Sunan da Malam Nuru Ya Tono

Akwai wani malamin firamare, Malam Nuru, da aka turo daga Kano zuwa wani ƙauye tsakanin Birnin Kudu da Gwaram a 1976, shekarar da aka ce kowane yaro ya shiga boko kyauta. Ya iya koyarwa, wannan kam ba a raba shi da ita. Amma taurin kai gare shi, ko liman bai isa ya gyara masa zance ba.

A bayan garin akwai kogon dutse inda kakanni suke ɓuya zamanin harin Ningawa. Malam ya ce maimakon yara su yi ta haddar tarihi a aji, za su yi wasan kwaikwayonsa a bakin kogon, iyaye su zo kallo. Wallahi tunanin ba laifi.

Ya je wurin Baba Maikano, dattijon da ya fi kowa sanin labarin. Tsohon ya gaya masa cewa ɗan gari ne ya nuna wa mahara hanyar kogon, don sun kama ɗansa sun ɗora masa wuƙa a wuya. Mutum talatin aka kwashe ranar, ba wanda ya dawo.

"Wane ne shi?" in ji Malam.

"Bar wannan, Malam. Iyayenmu sun yi alkawari ba za a ƙara kiran sunan ba. Jikokinsa suna nan, sahu ɗaya muke sallah."

"Baba, ai tarihi ba ya jin kunya."

"Shi ba ya ji, ɗana. Mutane suna ji."

Ina! Malam ya bi wani maroƙi da goro har ya samo sunan: Sanda Dogo. Bai ko tambayi wane gida ne zuriyarsa ba. Ya sa Salihu ɗan Abdulsalami, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, ya fito a matsayin mutumin, don ya fi kowa hadda. Sai da safiyar wasa ya raɗa masa sunan, kada dattawa su ji su hana. Yaron kuwa bai san Sandan nan kakan babansa ne ba, ba a taɓa gaya masa a gida ba.

Gari ya taru a gindin dutse, har mai duba makarantu ya zo. Abdulsalami yana sahun gaba da sabuwar riga, bakinsa har kunne.

Salihu ya hau dutse ya ɗaga murya: "Ni ne Sanda Dogo! Ku sakar mini ɗana, ku biyo ni in nuna muku inda suke!"

Sai Inna Hawwa ta miƙe da sandarta, tsohuwar da aka tafi da mahaifiyarta a harin nan, aka bar ta tana jaririya.

"Shekara tamanin ina haɗiye wannan," ta ce. "Yau jininsa ne zai hau dutsen nan ya faɗa mini a fuska?"

Samarin da ba su taɓa sani ba duk suka juya suna kallon Abdulsalami. Bawan Allah ya hau ya riƙo hannun ɗansa, suka ratsa taro kansa a ƙasa.

Daga ranar aka daina amsa masa sallama da daɗi. Ya kira gayyar girbin dawa, matarsa ta dafa abincin mutum ashirin, ko mutum ɗaya bai zo ba. Yara suka dinga bin Salihu da jifa. Iyaye suka janye 'ya'yansu daga makaranta, ajin Malam mai yara arba'in ya koma bakwai.

Bayan kaka Abdulsalami ya sayar da gonar gado, ya loda iyalinsa a babbar mota. Malam Nuru ya je tasha ya tsaya kusa da motar. Salihu ya leƙo daga saman kaya, idonsa jawur.

"Malam, ban yi daidai ba ne? Ko kalma ɗaya ban manta ba."

Motar ta tashi, Malam ya bi ta da kallo har ta ɓace.

Darasi: Koyar da yara tarihinsu alheri ne, amma in dattijo ya ce "bar wannan", tsaya ka ji dalili kafin ka tono. Wanda ya yi laifin ya daɗe a kabari, mai rai ne zai sha kunyar. Ku tura wa malamai da iyaye, ko Allah zai sa wani ya tsira.