Igiya Huɗu, Sanda Ɗaya

Akwai wani mutum a Illela mai suna Halliru, wanda ko kunu aka miƙa masa sai ya ƙona harshe, don ba ya iya jira ya huce.

Kun san ni da zolaya a shafin nan. To yau kaɗan za mu yi dariya. Daga bakin kakata na ji labarin, a unguwarsu aka yi shi, shekara biyu bayan an sauke tutar Turawa.

A bayan kara, inda ake cinikin dabbobi, akwai wata tsohuwar rijiya mai zurfin gaba ashirin. Ita ke shayar da shanun gari da na baƙin da ke ƙetarowa daga wajen Ƙwanni. Mai kula da ita wani dattijo ne, Baba Arzika. Igiya ɗaya gare shi, da sa ɗaya mai ja, da wasaki ɗaya, wato babban gugan nan na fata mai zoben ƙarfe a baki, wanda ake ɗaura wa dutse don ya nutse da sauri.

Da gwiwa ta fara hana Baba Arzika tsayuwa, sai ya damƙa aikin ga Halliru, ɗan ƙanensa. Shi kuma ya koma gindin wata bishiyar bedi yana kallo.

Halliru yana da wa, Lawwali. Shi manomi ne a Garu, amma duk ƙasar nan babu mai shiga rijiya kamarsa. In guga ya tsinke ko ana son yasa, shi ake aika wa. Matarsa Ramatu ita ta raɗa wa Halliru suna Sarkin Gaggawa, irin wasan nan na matar wa da ƙanen miji. Duk ranar da ya je gidan sai ta ce, "Zamna ka ci, Sarkin Gaggawa, tuwon ba ya da ƙahwa."

Wata rana Halliru ya raka fatake ƙetaren iyaka, ya ga wata rijiya da aka kafa wa itace huɗu na rataya igiya, igiya huɗu, shanu huɗu suna ja. Ya dawo ko gida bai biya ba sai gindin bedi.

"Baba, mu nan barci muke. Lokacin da muke juye ruwa a komin shayar da shanu muna maido da sa, rijiya zamne take ba kowa cikinta. In igiya huɗu ce, wanga na juyewa wancan na ɗiba."

Baba Arzika ya ce, "Maganarka da hankali. A gwada."

Gaskiya ne, dabarar mai kyau ce, kada ku ce na hana shi haƙƙinsa. Aka kafa itace huɗu. Ya ɗauki mutum uku, cikinsu akwai Idi da Abu, su biyun nan ko a sahun salla ba sa son kafaɗarsu ta haɗu.

Kwana biyu ana murna. A rana ta uku Idi da Abu suka saki wasakansu lokaci ɗaya. Igiyoyin suka nannaɗe da juna a can ƙasa, inda rijiyar ta tsuke.

Idi ya ce, "Sassauta taka in ja tawa."

Abu ya ce, "Kai za ka sassauta. Ni na riga ka."

"Ka riga ni mi? Ka riga ni haihuwa?"

Kowa ya riƙe igiyarsa tamau yana jiran ɗan'uwansa ya saki. Daga hantsi har azahar. Sauran biyun ba su da hanyar jefa nasu. Shanu wajen ɗari suna kuka, makiyaya suna zagi da Fulatanci da Hausa, wanda ya iya Faransanci ya ƙara da shi. Igiya huɗu, ko ɗigon ruwa bai fito ba.

Baba Arzika ya taso yana ɗingishi. Ya sa aka warware, sannan ya ɗaga sandarsa ta kiwo, wata gajera baƙa mai ɗaurin jar fata a kai.

"Daga yau wagga sanda ita ce bakin rijiya. Wanda tana hannunai shi kaɗai ka jefa wasaki. In nashi ya hito, shi miƙa ma na gaba, shi tahi shi juye ruwanai. Juyewa da maido da sa, kowa shi yi nashi lokacin da ya so. Amma cikin rijiya, mutum guda."

Halliru ya ce, "To in Yaya Lawwali zai shiga fa?"

"Shi soke ta a ƙugunai shi sauka da ita. In babu sanda a sama, wa za shi jefa?"

Haka aka yi. Kuma abin ya yi kyau ƙwarai. Rijiya ba ta hutawa, igiya ba ta sarƙewa, ba a ma buƙatar magana. Mai sanda ba ya tambayar kowa, marar sanda ba ya gardama. Layin shanun da ke kaiwa la'asar ya koma ƙarewa kafin azahar. Sau uku Lawwali ya zo ya shiga, sanda a ƙugu, ya fito yana dariya.

Amma Halliru bai gamsu ba. Abin da ke cin ransa shi ne ya ga mutum ya gama juye ruwa, ya dawo, ya tsaya yana jiran sanda. Jiran bai fi a karanta fatiha uku ba. Shi a wurinsa kamar shekara.

Ya koma wa Baba Arzika. "A ƙara sanda ta biyu. Rijiyar na da hwaɗi daga sama, wasaki biyu za su wuce."

"A'a."

"Don mi?"

"In sun zama biyu, ba ɗayar da ke hwaɗin gaskiya."

Halliru ya fita yana cewa a ransa tsoho ya fara ruɗewa. Da damina ta wuce, ciwon gwiwa ya kwantar da Baba Arzika a gida. Halliru ya sari itace, ya gasa shi ya yi baƙi, ya ɗaura masa jar fata. Ko Baba Arzika aka nuna wa sai ya duba sau biyu. Ya gaya wa mutanensa uku, ya ce kada maganar ta fita.

Kun san abin da ya fi muni? Babu abin da ya faru.

Wata ɗaya, wata biyu, wata huɗu. Sau biyu kawai igiya ta ɗan sarƙe aka warware nan take. Ruwa ya ƙaru. Halliru ya fara tafiya yana buɗa kafaɗa. Kowace rana da ta wuce lafiya, sai ya ƙara yarda cewa shi ke da gaskiya.

Sai wata ranar kasuwa a tsakiyar bazara, zafi kamar a bakin maƙera. Igiyar Abu ta tsinke, wasakinsa ya faɗa ciki ya tokare inda rijiyar ta tsuke. Aka yi sa'a Lawwali yana kasuwa ya kawo tunkiya. Aka kira shi.

Ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙirji, ya miƙa hannu. "Ba ni sanda."

Halliru ya miƙa masa wadda ke hannunsa, ta asali. Ya waiga yana neman ɗayar. Tana soke a ƙugun Idi, shi kuma Idi yana can ƙarshen hanyar da shanu ke ja, yana gyara ɗaurin wuyan sansa da ya kwance.

A nan Halliru ya yi lissafi. In ya ƙwala wa Idi kira ya kawo sanda, Lawwali zai ji akwai ta biyu, gobe kuma Baba Arzika ya ji. In ya taka ya karɓo, makiyaya za su ƙara hayaniya. Ya ce a ransa, kafin Idi ya gama Yaya ya fito. Kuma ai ina tsaye a nan.

Lawwali ya soke sanda a ƙugu ya ce, "Ka gaya ma Ramatu ta aje min hura, in ka riga ni zuwa. Kai dai kullum kana riga kowa." Ya yi bisimilla ya sauka. Aka ɗaure igiyarsa a jikin itace.

Yana ƙasa, sai wani bijimi ya ɓalle daga layi ya afka wa komi, yana neman tunkuyin wani dattijon makiyayi. Halliru da sauran suka ruga suka tare shi. Bai fi taku goma ba daga bakin rijiya.

Idi ya gama gyaransa ya dawo. Bai ga saukar kowa ba. Ya ga igiya a cikin rijiya, to kullum ma akwai igiya a ciki tun da sanda ta zama biyu. Ya taɓa ƙugunsa, sanda na nan. Mai sanda ba ya tambayar kowa.

Ya saki wasaki, da zoben ƙarfensa da dutsensa.

Kakata ta ce waɗanda ke wurin ba su ji ihu ba. Wani ƙara kawai suka ji, kamar an yar da kabewa.

Aka jawo Lawwali. Yana numfashi. Jini ya rufe masa rabin fuska, hannunsa na dama yana reto, na hagu kuma ya damƙe sandar nan. Idi ya dubi ta hannun Lawwali, ya dubi tasa, ya zauna a cikin taɓo.

Halliru bai yi kuka ba. Bai yi salati ba. Ya tsaya yana naɗe igiya a gwiwar hannu, ya gama ya warware ya sake naɗewa. Wani ya ce masa ya kama a ɗauki yayansa, sai ya ce, "Shanun ga ba su sha ba."

Aka kai Lawwali asibiti a Sakkwato cikin motar fatake. Bayan kwana arba'in aka dawo da shi, ba Garu ba, gidan Baba Arzika, don babu sauran zancen noma. Ya rayu. Amma ɓarinsa na dama ya mutu, magana kuma ta tafi. Ramatu ta ce ko a asibiti ba wanda ya iya raba shi da sandar. In an taɓa ta sai ya yi ta gurnani. Shi a saninsa har yanzu yana ƙasa, in ya saki za a jefo masa wani abu.

Duk kwanakin nan rijiya a rufe take. Ba wanda ya hana, ba wanda ya iya matsawa kusa ne.

Ranar da aka dawo da shi, Baba Arzika ya sa aka kira Halliru da sanda ta biyu. Bai zage shi ba. Ya miƙa wa Ramatu ya ce ta sa a murhu. Ta sa, ta ɗora tukunya a kai.

Halliru ya ce, "Baba, shanu na mutuwa. A yi wata sabuwa, guda ɗaya tak."

"Akwai guda ɗaya. Ga ta can hannun yayanka."

"Ba shi saki."

"To ka jira."

Washegari da sassafe Halliru ya zo ya durƙusa gaban tabarmar Lawwali. Ya ce, "Yaya, ka hito. Kana sama. Ba ni sanda." Lawwali ya dube shi kamar yana kallon bango. Rana ta fito, ta ɗaga, ta kai tsaka. Sai wajen azahar yatsun nan suka buɗe ɗaya bayan ɗaya.

Halliru ya ɗauka ya tafi rijiya. Da yamma dole ya maido, don in babu ita a hannunsa Lawwali ba ya cin abinci.

Haka ya zama kullum. Wata rana ya saki da wuri. Wata rana sai hantsi. Wata rana ba ya saki sam, ranar sai makiyaya su kora shanunsu har Amarawa. Halliru ba ya roƙo da yawa, ba ya fushi, ba ya hira da kowa. Yana durƙushe kawai, hannu a buɗe. Ramatu takan ajiye masa kunu a gefe ta wuce. Ba ta sake kiransa Sarkin Gaggawa ba. Ba ta sake kiransa da kowane suna ba.

Aka yi zaɓe, aka yi rigingimu, har ranar da rediyo ta ce soja sun karɓi mulki. Mutane suka cika ƙofar gida suna ta magana ƙasa-ƙasa. Kakata ta leƙa ta katanga ta ga Halliru a inda yake kullum, hannu a buɗe, ko waigowa bai yi ba.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a haka. A rijiyar kuma ba a sake samun ko sarƙewar igiya ba.

Ranar da Lawwali ya rasu, masu wanka suka zo cire sandar. Halliru ya ce su dakata. Ya durƙusa ya ce, "Yaya, ka hito. Kana sama."

Ya buɗe hannu ya jira. Kunun da Ramatu ta ajiye masa ya huce har ya yi fata.

Darasi: Hannu da yawa suna sa aiki sauri, amma duk inda suka haɗu a kan abu ɗaya, dole a bi ɗaya bayan ɗaya, kuma alamar izini ta zama ɗaya tak, ko a rijiya ne, ko a shago, ko wurin masu haɗa manhajar waya. Kada ka karya ƙa'idar da ba ka gane amfaninta ba don ka rage jiran minti ɗaya, kuma kada kwanakin da suka wuce lafiya su ruɗe ka, ɓarna irin wannan ranar da ta ga dama take zuwa, kuma sau da yawa a kan wanda ya amince da kai take sauka. Ku tura wa duk mai gaggawar da kuka sani. In shi ne ya turo muku, ku karanta sau biyu.