Cindo Magini da Kabarin da Babu Kowa a Ciki

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da mota ta fara shiga garuruwa, sunansa Cindo, sana'arsa ginin ƙasa. Kada ku tambaye ni sunan garin, don na san halinku, sai ku bar labarin ku kama gardamar ko garin kakan wane ne. Ku dai gyara zama ku saurara.

Wannan bawan Allah ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ko a sahun salla ma ba a gaba yake tsayawa ba. Amma babu katangar unguwarsu da hannunsa bai taɓa ba. In damina ta gabato shi ne mai yaɓe, shi ne mai gyaran indararo, in soro ya tsage shi ake kira. Abu ɗaya aka san shi da shi, ba ya ƙarya. In gininka zai faɗi, zai gaya maka zai faɗi, ko da kuwa shi ya gina shi.

Yana da mata guda, tsohuwa kamarsa, ana kiranta Gwamma. Allah bai bar musu 'ya'ya a raye ba, kuma shekara ashirin ke nan da ta rasa ganinta. Amma in ka shigo gidan ba za ka ce makauniya ce ba. Ta san taku nawa ne daga ƙofar ɗakinta zuwa randa, daga randa zuwa murhu, daga murhu zuwa bayan gida. Ita take girkinta, ita take shararta, ba mai riƙe mata sanda. A cikin gidan nan Gwamma mai ido ce. In ta taka waje ɗaya, shi ke nan, sai an ja ta.

To, ana nan sai hukuma ta ƙudura za ta gyara garin. Za a fitar da babban titi, a cike kududdufai, a rushe tsofaffin gine-gine. Jama'a, gyara ba laifi ba ne, kowa yana son gari ya yi kyau. Laifin shi ne yadda aka zo. Wata safiya aka wayi gari sai ga ma'aikata da igiyar awo, babu sallama, babu ina kwana. Suka kafa turaku, suka bi katangu suna shafa jan fenti. Gida goma sha bakwai aka shafa wa, har da rijiyar da duk unguwa take sha. Gidan farko a bakin layin shi ne gidan Cindo.

Unguwa ta ruɗe. Aka taru a zauren mai unguwa, maza a ciki, mata sun aiko da dattijuwarsu ta tsaya a bakin ƙofa. Kowa maganarsa ɗaya: ba mu ce kada a yi titi ba, amma a tambaye mu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aka rubuta takarda aka kai ofis, shiru. Aka tashi dattawa suka je da ƙafarsu, aka bar su a kan benci har azahar, sannan aka ce musu an riga an gama zane. Suka sake komawa, aka sake maimaita musu. Da ƙyar da siɗin goshi aka ce babban jami'in aikin zai zo ranar Laraba ya duba da idonsa.

A cikin mutanen unguwar akwai wani dillali, Labaran, mutum mai kaifin kai da zaƙin baki. Ba mugu ba ne, ku fahimce ni, gidansa ma yana cikin masu jan fenti. Da aka sake taruwa a zaure, shi ne ya miƙe ya ce, “Jama'a, mutanen nan ba sa jin kukan talaka, amma suna tsoron kabari. Ga tudun ƙasar nan na gindin tsamiya, daidai inda titin zai shigo. Mu kewaye shi da duwatsu, mu kafa farar tuta, mu ce kabarin waliyyi ne. Wallahi babu mai tuƙa motar rusau da zai yarda ya hau kansa.”

Wani ya ce, “To in sun fasa nan, ina za su bi?”

Labaran ya ce, “Su bi ta unguwar masaƙa mana. Ina ruwanmu?”

Kun ji fa. Ina ruwanmu. Mutanen da suka taru suna kukan ba a tambaye su ba, ga su suna shirin tura wuta gidan maƙwabta ba tare da sun tambaye su ba. Haka ɗan Adam yake in tsoro ya kama shi.

Kafin kwana biyu tudu ya zama kabari. An jera duwatsu, an kafa tuta, har wata tsohuwa ta fara tunawa cewa kakarta ta taɓa ganin haske a wurin. Abin da ya rage shi ne shaida, kuma duk garin an san bakin mutum ɗaya ne za a gaskata. Sai mai unguwa da Labaran suka tafi wurin Cindo, suka same shi yana kwaɓa ƙasa.

Labaran ya ce, “Baba, kalma ɗaya muke so. In an tambaye ka, ka ce tun kana yaro ka ji ana cewa akwai bawan Allah a kwance a wurin.”

Cindo ya ce, “Labaran, ƙasa ce fa. Ni da mahaifina muka tara ta shekarar da aka yi wa masallaci gyara, ta yi saura muka bar ta.”

Mai unguwa ya ce, “Mun sani, Cindo. Amma ka dubi Gwamma. Mu in an tashe mu, za mu ga hanyar sabon wuri. Ita fa?”

Nan ne maganar ta soke shi. Ya wanke ƙafafunsa ya shiga gida. Ya tarar da Gwamma tana tankaɗe a tsakar gida. Ya zauna yana kallonta, ta miƙe ta nufi randa ba tare da ta laluba ba, ta ɗebo ruwa ta miƙo masa daidai hannunsa. Sai hawaye ya zubo masa. Ita kuwa ta ji numfashinsa ya sauya.

Ta ce, “Malam, me suka ce maka?”

Ya kwashe duka ya gaya mata. Ya ce, “In na faɗi gaskiya, gidan nan zai tafi. Na san ranar da aka fitar da ke daga nan, ranar za ki makance da gaske.”

Sai ta ce, “Malam, shekara hamsin ina zaune da kai, ban taɓa auna maganarka ba kafin in yarda da ita. Tun da idona ya tafi, in ka ce gari ya waye, na san ya waye. In ka yi ƙarya saboda ni, wa zan ƙara tambaya? Gara in laluba bango da in laluba maganarka.”

Ku saurara da kyau, 'yan'uwa, don wannan ba malama ba ce ta faɗa, tsohuwa ce mai tankaɗe.

Ranar Laraba ta zo. Unguwa ta fito ƙwai da kwarkwata, aka cika gindin tsamiya. Jami'in ya sauko daga mota, ya ga duwatsu, ya ga tuta, jikinsa ya ɗan yi sanyi, don shi ma ɗan Musulmi ne. Labaran ya tsara masa labari tiryan-tiryan. Jami'in ya ce a kira masa wanda ya fi kowa daɗewa a unguwar. Aka turo Cindo gaba.

Ya ce, “Baba, tsakaninka da Allah, wane ne a kwance a nan?”

Cindo ya ce, “Ranka ya daɗe, babu kowa. Ƙasar gini ce. Da hannuna na tara ta.”

Sai wuri ya ɓarke da hayaniya. Wani ya ce tsufa ne, wani ya ce an saye shi, wata daga baya ta ce Allah Ya isa. Mutumin da ya yi musu yaɓe shekara da shekaru, a ranar babu wanda ya so ya dubi fuskarsa. Jami'in ya yi murmushin da ba na daɗi ba, ya juya zai shiga mota.

Sai Cindo ya ɗaga murya, abin da ba a taɓa ji ya yi ba. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ka tambaye ni matacce, na ce maka babu. Ba ka tambaye ni masu rai ba. Su suna nan.”

Jami'in ya tsaya. Ya dubi tsohon, ya dubi gidan da ke bayansa mai jan fenti. Ya ce, “Wancan gidan wane ne?”

Aka ce, “Nasa ne.”

Sai jami'in ya rufe ƙofar motar ya ce, “Baba, wuce gaba, ina bin ka.”

Cindo ya shiga da shi lungu-lungu, jama'a na biye. Ya nuna masa kududdufin da aka ce za a cike, ya ce duk ruwan saman unguwa uku nan yake taruwa, in an cike shi ba a yi masa hanya ba, damina ɗaya za ta kwantar da gidaje. Ya nuna masa rijiya, ya ce an haƙa bakwai a unguwar nan, ita kaɗai ce ba ta da gishiri. Da suka zo wani gida sai ya ce, “Wannan ba ni zan faɗa ba, ga mai shi nan.” Mai gida ya matso ya yi bayaninsa. Daga nan baki ya buɗe. Dattijuwar mata ta yi magana, mai unguwa ya yi, har masaƙa da suka ji abin da aka so a yi musu suka zo suka faɗi nasu.

Jami'in ya ce, “Me ya sa ba ku gaya mana wannan ba tun farko?”

Mai unguwa ya ce, “Ranka ya daɗe, sau biyu muna zuwa. Bencinku ya san mu.”

A ranar aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka baje taswira a ƙasa, abin da ba a taɓa yi ba. Aka zaɓi mutum biyar daga unguwannin biyu, aka ce ba za a ƙara kafa turke ba sai suna wurin. Aka yi ta jan igiya ana sakewa har kwana tara. Gidaje da yawa suka tsira, wasu zaure kawai aka rage musu. Amma a bakin layin, duk yadda aka juya, sai ɗaya ya tafi: ko rijiya, ko gidan Cindo. Jami'in da kansa ya ce a bar wa tsohon zaɓi.

Cindo ya ce, “Gida ai ana sake shi, aikina ne. Ruwa mai daɗi kuwa ba ni nake sa shi a ƙasa ba. A bar rijiya.”

Kuna tsammanin zan ce muku sai aka yi wani abin mamaki gidan ya tsira? A'a. An rushe shi. Gaskiya ba ta yi wa kowa alkawarin ba zai yi asara ba.

Aka ba shi fili a gefen gari. Amma Cindo ya tsufa, ba zai iya ɗaga gida shi kaɗai ba, kuma bai roƙi kowa ba. Abin da ya yi kawai, kafin ranar rusau, ya ɗauko doguwar igiya ya ce wa Gwamma ta yi tafiyarta yadda ta saba. Tana takawa yana bin ta yana ƙulli. Daga ɗaki zuwa randa, ƙulli. Daga randa zuwa murhu, ƙulli. Ya auna gidan kaf da ƙafar matarsa.

Ranar da ya je sabon filin da igiyarsa, sai ya tarar an riga shi. Labaran ne a gaba, kwandon ƙasa a ka, ya kasa haɗa ido da shi. Ya ce, “Baba, ka yafe mana. Ga mu, ka nuna mana inda za mu sa hannu.” Bayansa ga mutanen unguwa, ga masaƙa, mata suna kawo ruwa. Cindo ya zauna a kan dutse yana ba da umarni, ba a ajiye tubali ɗaya ba sai an gwada shi da ƙullin igiyar.

Da aka gama, mata suka jera kaya kowanne a mazauninsa, aka riƙo hannun Gwamma har bakin zaure aka sake ta. Ta miƙa hannu, ta sami bango. Ta taka, ta taka, ta juya dama, ta sunkuya, hannunta ya sauka a kan murfin randa. Ta ɗebi ruwa ta sha. Sai ta nufi ɗakinta, ta ɗaga ƙafa a bakin ƙofa, ta tsaya.

Ta ce, “Wa ya taɓa mini dokin ƙofa?”

Labaran ya ce, “Ni ne, Inna. Na ga na tsohon gidan ya yi tsawo, na rage shi don kada ki yi tuntuɓe.”

Ta ce, “Ɗan nan, shekara ashirin da shi nake gane na iso. Mayar mini da abina.”

Aka fashe da dariya, masu dariya suna share hawaye. Labaran ya durƙusa a gabanta ya kwaɓa ƙasa ya mayar da shi yadda yake.

To jama'a, ni ba tatsuniya na zo yi muku ba. Na ga jan fentin da ke katangunku, na san jibi za ku zauna da masu aikin nan. Ku je, ku yi magana, haƙƙinku ne a ji ku, kuma kada ku gaji da komawa. Amma ku je da gaskiya. Kada wanda ke da ɗaki biyu ya ce biyar ne, kada ku kare katangarku ta hanyar nuna ta maƙwabci. Wanda aka kama da ƙarya ɗaya, gaskiyarsa goma ta zube, kuma ba shi kaɗai za a daina saurara ba, har da ku duka. In an gama, wani a cikinku zai yi asara don saura su tsira, wannan babu makawa. Kada ku bar shi ya ɗauki ƙasa shi kaɗai. Kuma in kun je taimakonsa, ku tambaye shi yadda yake son dokin ƙofarsa, don abin da kuke nema a wurin hukuma ke nan, ku fara yi wa junanku.

Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya ranar da take da tsada, Ya haɗa mu da maƙwabta na gari. Ku tashi, an kusa kiran salla.