Baba Mato da Kaskon Turare

An yi wani mutum a wani gari, da can, ana ce masa Baba Mato. Ba malami ba ne, ba attajiri ba. Mai shara ne a maƙerar Alhaji Sallau, inda ake zuba tukwanen goran ruwa, wato alminiyam, a kai su ɗakin gurza a goge su su yi ƙyalli.

To, ku saurara. In ana gurzar nan, wata ƙura ce ke tashi, fara, mai laushi kamar garin tuwo. Ƙurar ƙarfe ce, amma ta fi fetur son wuta. Baba Mato ya san haka, don akwai tabon ƙuna daga wuyan hannunsa har gwiwar hannu, kuma a irin wannan ɗaki ya samo shi tun yana saurayi. Shi ya sa ba ya shara irin tamu. Ba ya yayyafa ruwa, don in ƙurar ta jiƙe zafi take ɗauka da kanta. Ba ya kaɗe ta ta tashi sama. A hankali yake tattarawa, ya zuba a garwa mai murfi, ya kai nesa da wuta. Ya kuma jera bokitan busasshen yashi a bakin ƙofa. Ma'aikata suna masa dariya, har suka sa masa suna Sarkin Yashi.

Ana nan sai Alhaji ya sayo sabon injin gurza, ya kira mutane addu'a. Don wuri ya yi kyau, ya sa ma'aikata suka kaɗe rufi da bango da tsummoki, suka tara abin da ya zubo a waje, jikin katanga. Sauran kuwa ya tsaya a iskar ɗakin yana ƙyalli. Mutum goma sha ɗaya na ciki. Sai ga Alhaji da kansa ɗauke da kaskon turaren wuta, garwashi jajur, zai zagaya injin da shi don neman albarka.

Baba Mato ya tsaya a ƙofa, ya buɗe hannuwa.

Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Wuta ba za ta shiga ɗakin nan ba."

Alhaji ya ce, "Kai Mato, a gaban baƙina? Ni da maƙerata?"

Ya ce, "Maƙera taka ce, Alhaji. Rayukan da ke ciki ba naka ba ne."

"To daga yau na sallame ka. Ba ni hanya!"

Jama'a, tsohon nan yana da iyali, ba shi da gona, ba shi da wata sana'a. Amma ƙafarsa ba ta motsa ba.

Ya ce, "Na ji, na karɓi sallama. Amma sai dai ka taka ni ka wuce."

Alhaji ya fusata, ya yi wurgi da kaskon. Garwashi ya watse, ɗaya ya faɗa kan tarin ƙurar da ke jikin katanga. Nan take wata farar wuta ta tashi, mai kashe ido. Mutane suka yi abin da kowa ya sani tun yana yaro: a kawo ruwa! Wani ya rugo da bokiti, wani da butar alwala.

Baba Mato ya ture mai bokitin baya, ya daka tsawa: "Kada wanda ya zuba ruwa! Ruwa zai tayar da ita ta fashe!" Ya ja ƙofar ɗakin ya rufe, ya ce na ciki su fita ta baya. Ya ɗauki yashin nan da ake masa dariya a kai, ya zagaye wutar da shi, ya yi ta lulluɓa mata a hankali har ta mutu.

Kowa ya dubi tarin da bai kai kwando ba, sannan ya dubi ɗakin da ke cike da irinsa.

Kuna jira in ce an ba shi kujerar Makka? Ba a ba shi ba. Alhaji bai ko ce ya yi kuskure ba. Da safe dai ya je har ƙofar gidan tsohon, ya yi sallama, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, bokitan nan naka sun zama wofi. A ina ake samo yashin?"

To, 'yan uwa, riƙon amana shi ne ka ce a'a ranar da a'a za ta ci aikinka. Kai da ke aiki a maƙera, ko wurin walda, ko inda ake sayar da mai, sau nawa ka ga haɗari ka yi shiru don kada maigida ya ɓata rai? Addu'a ba ta hana wuta ci in kai ka kai mata garwashi da hannunka. Gobe in ka ga kasko ya nufo ɗaki, ka tsaya a ƙofa. Aiki in ya tafi, Allah zai kawo wani. Mutum goma sha ɗayan nan kuwa, da sun tafi, babu mai dawo da su.